Daga ɗan ajin 1968 zuwa ɗan ajin bara: jagora ga sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai

Ina cikin shekarata ta biyu a kujerar sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu aka yi mana rasuwa a reshen Jos. Dattijo ne, ɗan ajin 1968. Allah ya karɓi ransa da asubar Juma'a. Kafin ƙarfe bakwai wani ya sa sanarwa a zaurenmu na WhatsApp cewa jana'iza sai an sauko daga masallaci. Kafin hantsi sanarwar ta nutse. Hotunan barka da Juma'a suka hau kanta, sai bidiyon wani ɗan siyasa, sai gardamar da bidiyon ya haifar, sai tallar fili a bayan gari. Abokan ajinsa na Kano, waɗanda da sun ji da safe da sun kama hanya sun sami salla, ba su ji ba sai ranar sadakar uku.

Ɗayansu ya kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sakatare, ashe haka za mu riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai ji?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, wallahi an sa a guruf." Ya ce, "To ni ina guruf ɗin ne?" Wayarsa 'yar Nokia ce mai tocila. Shekara biyu ina tura sanarwa ina ganin na sauke nauyi, ashe mutanen da suka kafa ƙungiyar ko ɗaya ba su taɓa gani ba.

Abin da na gyara daga ranar nan shi zan shimfiɗa a nan, don wanda aka ɗora wa irin wannan kaya: ƙungiya mai rassa a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, da 'yan tsiraru a Landan da Jidda, mai tattare da wanda ya yi ritaya tun kafin a haifi wasu 'yan ƙungiyar da kuma wanda bai gama bautar ƙasa ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon kai ba. A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai maza, masu sunaye da haruffan Girka, waɗanda mutum ke shiga yana ɗalibi ya ci gaba da zama ciki har tsufa. Kada a haɗa su da ƙungiyoyin asirin da suka addabi jami'o'inmu. Waɗannan a fili suke, da ofis da rajista da mujalla. Alpha Phi Alpha, ta baƙaƙen fata, ɗalibai bakwai ne suka kafa ta a Jami'ar Cornell ranar 4 ga Disamba 1906, kuma Martin Luther King ɗanta ne. Phi Beta Sigma an kafa ta a Jami'ar Howard a 1914, Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk 'ya'yanta ne. Sun fi shekara ɗari suna riƙe da rassansu, waɗanda yanzu sun kai ɗaruruwa, tun zamanin da wasiƙa ce babbar hanya. Zan ɗan riƙa leƙa dabarunsu inda suka dace da mu.

Mataki na farko: rajista

Kada ka buɗe sabon zaure, kada ka buga kalanda, kada ka kira taro, sai ka san su waye mutanenka. Yawancin ƙungiyoyinmu abin da suke kira rajista jerin lambobin waya ne a wayar tsohon sakatare, rabinsu sun daina aiki.

Ga abin da ya kamata ka rubuta a kan kowane mutum: cikakken sunansa, shekarar shigarsa makaranta da ta fitarsa, gidan kwanan da ya zauna, garin da yake yanzu, sana'arsa, da lambar waya biyu idan yana da su. Sannan abubuwa uku da ake mantawa. Na ɗaya, laƙabin da aka san shi da shi a makaranta, domin abokan ajinsa da yawa ba su san sunansa na yanka ba. Ka ce musu Alhaji wane ya rasu su yi shiru, ka faɗi laƙabin su hau salati. Na biyu, lambar wani na kusa da shi, ɗa ko ƙane ko mai ɗakinsa, musamman ga wanda ya haura saba'in. Na uku, kuma shi ne ƙashin bayan komai: ta wace hanya yake so a same shi? Kira, ko tes, ko WhatsApp, ko imel? Ka tambaye shi, kada ka yanke masa hukunci da shekarunsa. Na san farfesa mai shekara tamanin da ke amsa imel kafin ka rufe kwamfuta, na kuma san ɗan shekara talatin da ba ya buɗe saƙo sai ya ga kira.

Idan makarantarku tana ba ɗalibi lambar shiga, ku riƙe ta da hannu biyu. Tsofaffin ɗaliban Barewa kowa yana da lambarsa mai farawa da harafin B, kuma suna lanƙaya ta a gefen suna. Makarantar ta fara a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna a Zariya a 1949, sunanta ma ya yi ta sauyawa, amma lambar nan ta sa ɗan zamanin Katsina da ɗan zamanin Zariya suna kan layi ɗaya, kowa ya san wa ke gabansa. A ƙasar da aji ɗaya kan iya samun masu suna iri ɗaya har uku, lamba ita ce ke raba gardama.

Tattarawar kashi biyu ce. Matasa ka yi musu fom na Google, tambayoyi kada su wuce goma sha biyu, ka tura musu. Dattawa kuwa kada ka kuskura ka tura musu fom. A kira su, ko a je har gida, a cike musu. Za ka sha hira, ka sha tarihin wani hedimasta Bature da ba ka taɓa jin sunansa ba, amma za ka fito da lambobin mutum biyar da ba wanda ya san suna raye.

Rajista tana ruɓewa. Mutane suna canja gari, layuka suna mutuwa, kamfani ya sayar wa wani. A 2024 an rufe layuka masu yawa saboda rashin haɗa su da lambar NIN, kuma tsofaffi na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Don haka sau ɗaya a shekara, a ce wata guda kafin babban taro, a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rasu kada a goge shi. 'Yan Alpha Phi Alpha idan nasu ya mutu cewa suke ya koma reshen Omega, wato harafin ƙarshe na Girka, sunansa yana nan. Mu ma mun buɗe shafi na daban ga mamata, da ranar rasuwa da lambar magajinsu, don iyalinsu suna da haƙƙi a kanmu.

Mutum biyu kaɗai su riƙe cikakkiyar rajistar, kuma kada a taɓa zuba ta a zaure. Jerin sunayen manyan mutane da lambobinsu da garuruwansu kadara ce a hannun ɗan damfara. Tun 2023 ma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, ba a raba lambar wani ba da saninsa ba.

Mataki na biyu: wakilai, ta aji da ta gari

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kamar saƙa take, zare a tsaye, abawa a kwance. Zaren tsaye shi ne aji: waɗanda suka shiga tare, suka sha bulala tare, ko ina suke a duniya. Abawa kuwa reshe ne: duk wanda ke zaune a Kaduna, ko wace shekara ya fita. Kuskuren da muke yi shi ne dogaro da reshe kawai, alhali zuciyar mutum tana wurin 'yan ajinsa. Shugaban reshe zai aiko da saƙo a share, abokin aji ya kira a tashi tsaye.

Saboda haka kowane aji ya ba da wakili ɗaya, kowane reshe ma haka, kuma duk wani saƙo mai nauyi ya bi ta hanyoyin biyu. Wanda ya kuɓuce wa ɗaya, ɗayar za ta kama shi.

Wajen zaɓen wakili kada a dubi muƙami ko aljihu. Babban sakataren ma'aikata ba shi da lokacin kiran mutum arba'in. Ka nemi wanda ba ya rasa ɗaurin aure da ta'aziyya, wanda ya san matar wa ke asibiti, ɗan wa ya sami aiki. Kowane aji yana da irin wannan mutumin, kuma 'yan ajin sun san shi. Tambaya kawai za ka yi.

Azuzuwan da suka tsufa su ne ke buƙatar ƙarin dabara. A tsarin ƙungiyoyin baƙaƙen fatan Amurka, reshen ɗalibai yana cikin jami'a, reshen waɗanda suka gama yana cikin gari, kuma na garin ne ke sa ido a kan na jami'ar, ya ba su mai ba da shawara. Alpha Phi Alpha ta buɗe irin wannan reshe na manya tun 1911 a Louisville. Mu sai muka ɗauki dabarar muka ƙara mata ƙafa: kowane ajin dattawa muka haɗa shi da matashi ɗaya mazaunin garin da wakilinsu yake. Aikinsa ya karanta wa wakilin abin da ya fito, ya taya shi kira, ya dawo mana da amsa. Ƙungiya ke sa masa kati. Ba ɗan aike kawai ba ne, don bayan wata shida za ka tarar ya zama ɗan gida.

Mataki na uku: raba sanarwa da hira

Zaure ɗaya ba zai ɗauki sanarwar rasuwa da gardamar ƙwallo ba. Ka buɗe wurin sanarwa wanda masu kula kaɗai ke iya rubutu a ciki. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, kuma tun 2022 akwai tsarin da ake kira Communities, mai tara zauruka da yawa a ƙarƙashin rumfa ɗaya tare da allon sanarwa guda. Ka sa zauren kowane aji da na kowane reshe a ƙarƙashinsa. Idan kuma za ka yi amfani da jerin aikawa kai tsaye, wato Broadcast, ka tuna mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba. Wannan ya taɓa cin mu.

A allon sanarwa abu huɗu ne ke shiga: rasuwa da rashin lafiya, taro, kuɗi, aikin makaranta. Kada ka wuce saƙo biyu ko uku a mako in ba rasuwa aka yi ba. Allon da ke ƙara kullum, kashe masa sauti ake yi.

Hira kuwa a bar wa zauren aji. Can tsara ne, su zagi juna da sunan makaranta ba wanda zai ji haushi. Ni ban yarda da babban zauren hira mai haɗa kowa da kowa ba. Mun gwada. Dattawa suna ganin rashin kunya a abin da yara ke ɗauka raha, yara suna ganin wa'azi a kowace magana, sai su yi shiru, sai su fice ɗaya-ɗaya cikin dare. Lokacin zaɓen 2023 saura kaɗan zumuncin shekara arba'in ya watse a kan wasu 'yan takarar da ba su san da zamanmu ba.

Idan dole sai an yi zauren reshe mai haɗa manya da yara, doka ta zama gajera: ba siyasa, ba muhawarar addini, ba tura abin da ba ka tabbatar ba. Sannan ka lura da wanda zai tsawatar. Yaro ba ya cire dattijo daga zaure, ko da shi ne mai kula, ko da dattijon ya yi laifi ƙarara. Ka kira abokin ajinsa a gefe, shi zai gaya masa cikin wasa abin da kai in ka faɗa zai zama fitina.

Mataki na huɗu: saƙo ɗaya, riga uku

Duk sanarwa mai muhimmanci ta fita a rubuce, ta fita da murya, ta fita da kira.

Rubutaccen ya zama gajere, kuma abin da ake so a sani ya zo a layin farko. Wa, me, ina, yaushe, wa za a kira. Kada ka rubuta "gobe", domin wani sai jibi zai buɗe. Ka rubuta Asabar, 14 ga wata. Kada ka rubuta "bayan la'asar" kaɗai, ka haɗa da ƙarfe. Kada ka sa sanarwa cikin hoto mai ado kawai, don mai ƙaramin data ba zai sauke ba, mai raunin ido ba zai iya karantawa ba, ba a kuma iya mayar da shi tes.

Saƙon murya kada ya wuce minti ɗaya da rabi, kuma wanda aka san muryarsa ya yi shi. Dattawa da yawa da ke da babbar waya sauraro suke, ba karatu ba. Kiran kuwa aikin wakilan aji ne da matasan da aka haɗa su da su: duk wanda rajista ta nuna kira yake so, a kira shi, wakili ya dawo ya ce na sami mutum kaza, kaza ban same su ba. Wannan dawowar ita ce aikin. In babu ita, aikawa ka yi, ba isarwa ba.

Sanarwar rasuwa tana da nata sharaɗi, kuma da kunya na koye shi. An taɓa turo mini cewa wane na Kaduna ya rasu, na yi sauri na sa a allo don kada a maimaita abin Jos. Minti ashirin sai ga kiran mamacin da kansa, yana dariya yana cewa, "Sakatare, wa ya aiko ka?" Mai suna irin nasa ne, ɗan wani ajin daban. Shi ya yi dariya, amma 'yarsa da ke karatu a waje ta riga ta gani kafin ta same shi a waya. Daga ranar, ba na fitar da rasuwa sai na ji daga bakin iyali ko wakilin ajin mutumin, kuma sai da shekarar aji da laƙabi da gari. Kira biyu ne, minti biyar, ba ya hana kowa samun jana'iza.

Sai harshe. Makarantun kwana na gwamnati a Arewa ba Hausawa kaɗai suka yi su ba, ba kuma Musulmi kaɗai ba. Barewar da ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa ita ta yaye Yakubu Gowon. Sanarwa ta fita da Hausa da Turanci, kuma wanda ya yi barka da Salla ya tuna da barka da Kirsimeti. Idan ɗan'uwa Kirista ya rasu, a faɗi ranar binnewa da coci da cikakken bayani kamar na kowa. Rassa da yawa sun rame ne saboda wasu sun lura ba da su ake magana ba, suka ja jiki ba su ce komai ba.

Ladabin rubutu ma sai an koya wa ɓangarorin biyu. Matashi in zai rubuta wa dattijo ya fara da sallama cikakkiya, ya ce Baba ko ranka ya daɗe, ya faɗi sunansa da ajinsa, sannan ya shiga magana. Gutsattsarin rubutun nan na "slm" da "ykk" a bar shi tsakanin tsara. Dattawa kuma, cikin ladabi, shugaba ya tuna musu cewa wanda suke kira "kai yaro" yana da 'ya'ya huɗu, likita ne, mutane na tashi tsaye in ya shigo. Siniya da juniya a makaranta aka yi, girmamawa ta rage, aike da tsawa sun ƙare.

Mataki na biyar: taro

Rassan waje su ne ke wahalar da lokaci. Jidda tana gabanmu da awa biyu, Dubai da uku, Malesiya da bakwai. Landan daidai take da mu lokacin zafinsu, tana bayanmu da awa ɗaya lokacin sanyi. Gabashin Amurka yana bayanmu da awa biyar ko shida. Bayan gwaje-gwaje mun tsaya a kan Asabar ƙarfe biyu da rabi na rana: an yi azahar, an dawo daga ɗaurin aure, na Amurka ya tashi, na Malesiya bai kwanta ba, kuma la'asar za ta tilasta a rufe taro. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet na kyauta a awa ɗaya. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba.

Kada ka tura wa dattawa mahaɗin taro ka zauna jira. A kowane gari a tara su a falon ɗayansu, matashinsu ya zo da kwamfuta da lasifika da layin intanet biyu, a kawo shayi. Rabin abin da ke kawo su ganin juna ne.

Akwai wani abu da al'adarmu ke haifarwa a taro. Manya ke fara magana, kuma idan babba ya faɗi ra'ayinsa yaro ba zai saɓa masa a bainar jama'a ba. Sai a tashi an ce an amince baki ɗaya, alhali rabin ɗakin bai yarda ba, kuma za ka gane haka ranar biyan kuɗi. Maganinsa biyu. Kafin taro a jefa tambayar a zaurukan aji ta hanyar ƙuri'ar WhatsApp, wakilai su zo da sakamako. A cikin taro kuma, bayan addu'a da gaisuwa, shugaba da bakinsa ya ce a fara daga ƙananan azuzuwa, manya su rufe. Babba bai rasa komai ba, maganar ƙarshe tasa ce, amma ya ji abin da da ba zai ji ba. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ne. Sai dai farashin data da wahalar neman aiki a yau, yaron ne ke tsaye a kansu.

Bayanin taro ya fita cikin kwana biyu, shafi ɗaya: abin da aka yanke, wanda zai yi, ranar da zai gama. Babban taron shekara kuma a tsayar masa da lokaci guda da ba ya motsi, kamar yadda 'yan Alpha Phi Alpha ke riƙe da 4 ga Disamba a matsayin ranar kafuwa, don na nesa ya san lokacin da zai nemi hutu.

Mataki na shida: kuɗi

Dattijo yana jin tambayar ina kuɗi suka shiga kamar zargi ne. Matashi yana jin rashin bayani kamar rufa-rufa ce. Hanyar fita ita ce a ba da bayani kafin a tambaya: kowane ƙarshen wata ma'aji ya sa a allo abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, layi uku.

Asusu ya zama da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum biyu aƙalla, daga azuzuwa mabambanta. Banki zai nemi takardar rajistar ƙungiya mai amintattu daga CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. A yi ta, wahalar sau ɗaya ce. Kuɗin ƙungiya a asusun mutum ɗaya, ko waliyyi ne, ranar da ya faɗi ya mutu sun shiga cikin gado. Kuɗin shekara kuma kada ya zama bai ɗaya. Mai bautar ƙasa da mai neman aiki su biya ɗan abin da ba zai hana su zuwa ba, ɗan fansho a bar shi da abin da ya sawwaƙa, nauyin ya hau kan masu ƙarfi na tsakiya. Jerin waɗanda ba su biya ba kada ya fita fili. Wakilin aji ya bi su a ɓoye.

Mataki na bakwai: ba su aikin da za su yi tare

Sanarwa tana sa mutane su san da juna, amma ba ta sa su saba. Sabo sai an yi aiki tare.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne ɗaukar tarihi. Matasa biyu su je gidan dattijo da waya, a kashe fanka don ƙara, a ajiye wayar a kan matashin kai kusa da shi. Kada a ce "Baba ba mu tarihin makaranta", zai ba ka jawabi. A tambaye shi ƙananan abubuwa: ranar da aka kawo ka, a wace mota? Me ake ci ranar Laraba? Wane malami kuka fi tsoro? Wane laifi ka yi da ba a kama ka ba har yau? A wannan tambayar ta ƙarshe na ga tsohon alƙali yana dariya har da hawaye, yana ba da labarin yadda suka sace zakaran mai gadi, yaran da suka shigo a ɗarare suka fita suna tsokanarsa. A nemi izininsa, a yanka minti uku-uku a sa a allo duk mako biyu, a ɗauki hoton tsofaffin hotunansa a rubuta sunayen waɗanda ke ciki tun yana iya tunawa. Mujallar Alpha Phi Alpha mai suna The Sphinx tana fitowa tun 1914, kowane reshe yana aika labarinsa. Mu ko 'yar takarda mai shafi huɗu ce sau biyu a shekara ta isa, a buga kaɗan a takarda don masu son riƙewa a hannu.

Sai maganar da ake jin nauyin faɗa: yawancin matasa aiki suke nema, shi ya kawo su. Ba abin kunya ba ne, kuma in ƙungiya ba ta tsara shi ba zai koma "Baba a taimaka" a wayar kowane babba da tsakar dare, har manyan su daina ɗaga baƙuwar lamba. A ware mutane ta sana'a daga rajista, likitoci, lauyoyi, injiniyoyi, 'yan kasuwa, masu kaki. Duk wata uku rukuni ɗaya ya zauna da matasa awa guda. A faɗa tun farko cewa shawara ce da nuna hanya da gyaran takardun neman aiki, ba alkawarin ɗauka ba. Wanda ya ji labarin gurbi ya ba sakatare, sakatare ya sa a allo kowa ya gani.

Kada kuma a jira ɗalibi ya fita sannan a fara nemansa. Kafin 'yan ajin ƙarshe su gama jarrabawa a je makaranta, a shigar da su rajista, a karɓi lambar iyayensu tunda nasu layukan za su canja, su zaɓi wakilinsu a nan take.

Mataki na takwas: ranar da za ka sauka

Tun ranar da ka hau ka fara shirinta. Imel da fom da rajista da asusun Zoom duk a buɗe su da sunan ƙungiya, ba naka ba. A sayi layin waya na ƙungiya, a riƙa sa masa kati ana kira da shi don kada a rufe shi. Kowane zaure ya sami masu kula uku daga azuzuwa daban-daban, domin wayar mutum ɗaya tana iya ɓata ko a yi mata kutse. Dukansu su kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp, kuma a gaya wa dattawa da babbar murya cewa duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambobi shida da suka shigo waya, ɓarawo ne, ko da ya ce daga ƙungiya yake.

Ka ɗauki mataimaki wanda ka girme shi da shekara goma aƙalla, ya yi shekara guda yana ganin yadda kake yi. Ranar miƙa aiki ku zauna da shi da shugaba, a canja kalmomin sirri a gabansu, a rubuta a takarda a sa a ambulan, shugaba ya ajiye. Sannan ka ɗauke shi a mota ku zaga gidajen wakilan manyan azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, ka gabatar da shi, ya durƙusa ya gaishe su, su sa lambarsa a wayoyinsu da hannunsa. Ni na fara da gidan dattijon nan mai Nokia. Ya karɓi wayar, ya ɗaga ta saitin haske ya duba sunan, ya ce a ƙara masa "Sakatare" a gaba don kada ya ɗauka mai tallar magani ne.